Yadda ake rainon furen kariya a tukunya ko a tsakar gida a Damagaram, ko da ruwanka na da zartsi

Duk mai sha'awar furanni a Damagaram ya san inda gizo ke saƙa: ruwa. Garin a kan dutse yake zaune, ruwan famfo daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Macaya da Arunguza da Ganaram, kuma idan bazara ta kankama, bidon da ɗan ga-ruwa ya sauke a ƙofar gida na sha ne da girki. Ruwan sama da ke zuba a shekara bai cika nisa da milimita 400 ba, mafi yawansa tsakanin Yuli da Satumba. Wasu rijiyoyin kuma ruwansu da zartsi, balle idan aka nausa gabas wajen Gidimuni da Gure, inda kanwa ke tsatsafowa ta yi fari a fuskar ƙasa. Furannin da ake kawowa daga bakin teku a cikin leda, wata biyu zuwa uku suke yi su ƙone.

Kariya ba ta cikin waɗannan. 'Yar ƙasa ce, tana fitowa da kanta a yankin Sahel tun daga Senegal har Sudan da Somaliya, ta tsallaka zuwa Yaman da Saudiyya. Masana tsirrai suna kiranta Adenium obesum, kuma danginsu ɗaya da tumfafiya. Gindinta kumburarre ne, nan take ajiye ruwanta, rassanta gajeru masu kauri, ganyen yana taruwa a kan reshe yana sheƙi. Furen mai baki biyar ne, ja-ja a gefe, yana haske zuwa ciki, kuma ta fi yin sa da rani, lokacin da kusan komai ya bushe, wani sa'in ma babu ganye ko ɗaya a jikinta. A ƙasa tana kai mita 1 zuwa 3. Tana jure zartsi fiye da akasarin furannin ado, amma jurewar tana da iyaka, kuma kusan duk kariyar da ta mutu a gida yawan kulawa ne ya kashe ta. Ana ba ta ruwa kaɗan-kaɗan kullum safe da yamma, gindi ya ruɓe, gishiri ya taru a tukunya.

Kafin a taɓa ta

Ruwan da ke fita idan aka yanke ta guba ne mai taɓa zuciya. Maharban zamanin da sun sa shi a dafin kibiya, a wasu wurare kuma ana kashe kifi da shi. Don haka wuƙar da za ka yi aiki da ita ba ta komawa madafa, ka ɗaura leda a hannu, kada ka murza ido, ka wanke hannu da sabulu da zarar ka gama. Rassan da ka yanke kada su shiga cikin harawar dabbobi, kada a jefa su a murhu. Awaki sun saba kauce mata, amma ragon da ke ɗaure a turke yana iya ɗanɗana duk abin da bakinsa ya kai, sai a nisanta su. Gidan da ke da yara masu rarrafe, a ɗora tukunyar inda hannu ba ya kaiwa. Idan yaro ya tauna ganye ko fure, a kai shi likita nan take, kada a tsaya jiran amai ko a tsaya ba shi madara.

Reshe ko iri

Hanya mafi sauƙi ita ce reshe. Ka roƙi maƙwabcin da ke da babba ya yankar maka, ya fi a tono ta daga daji, don ba ta da yawa a can kuma tana daɗewa kafin ta girma. Zaɓi reshe mai kaurin babban yatsa, tsawon santimita 15 zuwa 20, wanda fatarsa ta fara yin toka-toka. Cire ganyen duka sai biyu ko uku na sama. Barbaɗa garin gawayi a wurin yankan, ka jingine reshen a inuwa mai iska kwana 3 zuwa 7, har bakin ya bushe ya yi tauri. Mai gaggawar da ya soka shi a jiƙaƙƙen rairayi ran da aka yanke, ruɓaɓɓen reshe zai zaro. Idan ya bushe, ka binne kashi ɗaya cikin uku a rairayi mai ɗan laima, ka tokare shi da tsakuwa don kada iska ta riƙa girgiza shi, ka ajiye inda rana ke taɓawa da safe kawai. Yayyafi kaɗan sau ɗaya a mako ya isa. Cikin wata ɗaya zuwa biyu sabon toho zai nuna maka saiwa ta kama. Maris zuwa Mayu ne lokacinsa. Agusta laima ta yi yawa, Disamba kuma sanyi ba ya barin saiwa ta fito.

Aibin reshe ɗaya ne: ba ya saurin yin ƙaton gindin nan da ake so, kumburinsa a ƙarƙashin ƙasa yake fara yi, sai bayan shekaru. Mai son gindi tun tana ƙarama, iri zai shuka. Kariya tana yin 'ya'ya, sai dai ba kowace ba kuma ba kowace shekara ba, an fi samu inda biyu ko uku suke kusa da juna. Kwanson biyu-biyu yake fitowa, a haɗe a gindi a ware a sama kamar ƙahon sa. Da ka ga ya fara yin ruwan ƙasa, ka naɗe shi da zare, don ranar da ya tsage iska za ta kwashe irin: kowane ƙwaya tana da gashi a kai da gindi. Ka tsige gashin, ka kwantar da irin a kan rairayi, ka rufe da abin da bai wuce rabin santimita ba. Sabon iri yana tsirowa cikin mako ɗaya idan akwai zafi, wanda ya daɗe a ajiye kuwa rabinsa ba ya tashi. Ƙananan tsirrai ba su da juriyar manya, ruwa mai daɗi suke so, kuma kada rairayinsu ya bushe ƙarau a watanni biyun farko. Suna fara fure bayan shekara ɗaya zuwa biyu.

Akwai masu fure ninki-ninki, farare da jajaye wur, waɗanda aka fi haɓakawa a Tailan da Taiwan, ana aura su a kan gindin ta gida. Suna da kyau, amma ni ban ba wanda bai taɓa raino ba shawarar ya fara da su. Idan ka saya, duk tohon da ya fito ƙasa da wurin auren ka tsige shi, in ba haka ba gindin zai rinjayi baƙon.

Tukunya da ƙasar da za a zuba

Tukunyar ƙasa ta fi komai, kuma ba ma rasa ta, ga Mirya garin magina tukwane kusa, ga Kasuwar Dole. Jikinta yana numfashi, ruwa ba ya kwanciya, saiwa ba ta dahuwa da zafin Afrilu. Nemi mai faɗin baki marar zurfi, irin kwatarniya ko babban kasko, don saiwar kariya gefe take tafiya. Tsohuwar randa da ta tsage ma ta yi, a rage mata tsawo. Idan ka ce wa mai tukwane a huda maka gindi, za ta iya ce maka, "Ɗan nan, tukunya da huji kuma me za ta riƙe?" Ka ce mata, "Inna, ta shuka ce," wata ma sai ta nuna maka waɗanda suka tsage a wurin gashi ta rage maka kuɗi. Idan da kanka za ka huda, jiƙa tukunyar ta kwana, ka kifa ta a kan rairayi, ka bi da ƙusa a hankali. Huji uku zuwa biyar masu faɗin ɗan yatsa. Rabin bido ma yana aiki idan an huda shi sosai, amma baƙar roba tana ɗaukar zafi, sai an sa ta cikin wani mazubi ko an naɗe ta da buhu. Kada tukunyar ta fi gindin shukar da nisa: tazarar yatsu uku zuwa huɗu kowane gefe ta isa. Babbar tukunya da ƙaramar shuka, ƙasa ce mai yawa da za ta daɗe a jiƙe.

A haɗin ƙasa ne ake cin nasara ko a faɗi. Auna da kwano ɗaya: kwano biyu na rairayi mai tsakuwa-tsakuwa irin na cikin ƙorama, kwano ɗaya na ƙananan tsakuwar dutse, wadda masu fasa dutse ke tarawa a gefen gari, kwano ɗaya na tsohon taki, sai cikin hannu biyu na gutsattsarin gawayi. Lallausan rairayin jigawa shi kaɗai ba ya yi, yana danƙarewa. Laka da ƙasar bakin tabki kada ta shiga ko kaɗan. Takin kuwa sai wanda damina ta wuce a kansa, ya yi baƙi, ya daina wari. Ɗanyen kashin awaki ko na kaji yana ɗauke da nasa gishirin, yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. Toka ma a bar ta. Mutane suna zuba ta da niyyar gyara, alhali tana ƙara wa ƙasa irin halin kanwa ne.

Kafin ka dasa, gwada haɗin. Rufe hujin da tsingaro a karkace, cika tukunya, zuba ruwa buta ɗaya. Idan kafin ka ƙirga talatin ya fara ɗiga ta ƙasa, haɗi ya yi. Idan ruwan ya tsaya a sama yana kallonka, juye ka ƙara tsakuwa. Sai ka bar ƙasar ta sha iska, ka dasa a busasshiya, wuyan gindin yana sama da ƙasa, ka yi kwana 4 zuwa 7 ba ka ba ta ruwa ba don saiwoyin da suka ji rauni su warke. Ɗora tukunyar a kan duwatsu uku ko bulo biyu, ƙasanta ya rabu da daɓe. Kada a sa faranti a ƙarƙashi, ruwan da ya fita da gishiri zai koma ciki.

Idan a ƙasa za a dasa

Zaɓi inda rana ke bugawa aƙalla awa 6. A inuwar bedi za ta rayu, amma rassa za su yi tsawo su rame, fure kuma sai ɗaya-ɗaya. Duba inda indararo ke zuba da hanyar da ruwa ke bi zuwa rariya idan an yi ruwan sama, ka kauce musu, haka ma makwararin wanka da wurin wanke-wanke. Haƙa rami faɗin santimita 50, zurfin 30 zuwa 40, ka cika da haɗin nan, ka tayar da shi tudu kamar taƙi ɗaya sama da daɓe, ka dasa a kan tudun. Idan ka ci karo da dutse a kusa, kamar yadda ake yi a unguwanni da yawa, ba laifi ba ne, sai ka ƙara tsayin tudun ka kewaye shi da duwatsu. Inda ƙasa ke yin farin ɓawo na kanwa, kada ka yi jayayya da ita: tudun ya kai santimita 40, da shimfiɗar tsakuwa a ƙasansa, ko kuma ka haƙura ka koma tukunya. Tsakanin wata da wata a bar mita ɗaya da rabi. Wadda ta shekara biyu a ƙasa kusan ba ta buƙatar ban ruwa, sai sau ɗaya ko biyu a wata da bazara.

Ban ruwa da maganar gishiri

Ga yadda abin yake faruwa a tukunya. Duk ruwan da ka zuba yana ɗauke da ɗan gishiri, ko da harshe bai ji ba. Rana tana kwashe ruwan, gishirin yana zama. Idan kofi ɗaya kake zubawa kullum, ruwan ba ya kaiwa ƙasa balle ya fita, don haka gishirin yau yana hawa kan na jiya, wata uku sai ka ga farin gari a bakin tukunya da saman ƙasa. Daga nan saiwa ba ta iya jan ruwa ko da ƙasar a jiƙe take, bakin ganye ya ƙone ya yi ruwan ƙasa, kawunan furanni su zube tun ba su buɗe ba. Mai shuka ya ga haka ya ce ƙishi ne, ya ƙara kofi. Nan ruɓa ke shigowa.

Abin yi shi ne a jima ba a ba ta ba, ran da za a ba ta kuma a ƙosar da ita har ruwa ya zubo ta huji sosai. Wannan zubowar ba asara ba ce, ita ke fitar da gishirin. Kafin ka sake, soka tsinke ko ɗan yatsa zurfin gaɓa biyu. Idan ya fito da laima ko ƙasa ta manne masa, bari sai gobe ko jibi. Ka kuma riƙa matsa gindin da yatsa: mai lafiya tauri gare shi. Idan ya ɗan yi yaushi kuma ƙasa a bushe take, ƙishi ne. Idan ya yi laushi ƙasa kuma a jiƙe, ruɓa ce.

A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, tukunyar ƙasa matsakaiciya tana neman ruwa duk kwana 3 ko 4, da sassafe ko bayan la'asar. Da damina ka bar wa sama aikin, sai an yi mako ba a samu ba. Idan Agusta ta zo da ruwa kwana da kwanaki, jawo tukunyar ƙarƙashin rumfa ta sha iska. Daga Disamba zuwa tsakiyar Fabrairu, hunturu na kaɗawa, dare na sanyi, kariya barci take yi. Ganye zai yi rawaya ya zube, wani ma ya leƙo ya ce, "Malam, ai itacen nan naka ya mutu." Bai mutu ba. Ruwa sau ɗaya a sati biyu ko uku, shi ma kaɗan, da hantsi. A wannan lokacin aka fi kashe ta da tausayi.

Ruwan da ake da shi ba duka ɗaya ba ne. Na sama ya fi kowanne, kuma tara shi ba wuya: rufin kwano mai murabba'in mita 20, idan aka yi ruwan milimita 20, lita 400 ke sauka a kansa, wato bido 16 na lita 25. Bar na farko ya wanke ƙura, ka tari na baya, ka rufe bakin bidon saboda sauro. Bido uku ko huɗu da ka ɓoye za su yi maka aikin wanke gishiri daga ƙasar tukunya duk rani. Ruwan alwala da aka tara a roba yana da kyau, haka ruwan wankin shinkafa idan ba a sa gishiri ba. Ruwan wanki mai garin sabulu ko sinadarin farar da tufafi, da ruwan da aka jiƙa kanwa, da ruwan dafuwa, duk a kai su wani wuri.

Mai rijiyar zartsi ya gwada ruwansa haka: ɗiga cokali ɗaya a kan baƙin murfin tukunya, ɗiga na famfo a gefe, ka bar su a rana su bushe, ka kwatanta farin da kowanne ya bari. Idan na rijiyar ya yi kauri, ka riƙa surka shi rabi da rabi da mai daɗi, ko ka ba da shi sau biyu, na uku ka ba da mai daɗi. Ka zuba a gindi, kada ya taɓa ganye. Sau ɗaya a wata biyu, a lokacin zafi, ka yi wankin ƙasa: kankare farin saman da cokali ka zubar, sa'an nan ka zuba ruwa mai daɗi da ya kai ninki biyu na cikin tukunyar, a hankali, kashi-kashi, ya ratsa ya fita. Kanwa ta fi gishiri ɓarna, don tana toshe ƙasa tana hana shuka samun sinadarin ƙarfe. Alamarta sabon ganye ya fito rawaya jijiyoyinsa kore. Idan ka ga haka wanki kaɗai ba zai isa ba, sai an canza ƙasar.

Takin zamani shi ma gishiri ne, a tuna. Rabin ƙaramin cokali na takin da ake kira 15-15-15 a gefen tukunya, nesa da gindi, sau ɗaya a wata daga Maris zuwa Satumba, a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Yuriya ganye take sawa, fure ya ragu. Da sanyi ba a ba ta komai.

Aski, sauyin tukunya da ƙwari

Fure a kan reshe yake fitowa, don haka yawan rassa shi ne yawan fure. A ƙarshen Fabrairu ko cikin Maris, ka rage dogayen rassa da kashi ɗaya cikin uku, yanka a karkace da wuƙa mai kaifi, ka shafa garin gawayi. Kowane yanka zai ba da toho biyu ko uku. Idan tana cikin fure a lokacin, jira ta gama. Ba a aski da damina, ruwa yana shiga ta wurin yankan.

Duk shekara biyu, a farkon zafi, ka zare ta ka kakkaɓe tsohuwar ƙasa, ka yanke matattun saiwoyi, ka bar ta a inuwa kwana biyu, ka mayar cikin sabon haɗi, kana ɗaga gindin santimita 2 zuwa 3 sama da inda yake a da. Haka ake samun gindin nan mai murɗe-murɗe. Fatar da ta fito sabuwa fara ce, ranar Afrilu tana ƙona ta, sai a lulluɓe da tsumma ko a ajiye a ranar safe kawai na mako biyu. Wanda ya ƙi sauya tukunya, gindin da kansa zai tsaga ta.

Ƙwarinta ba su da yawa. Akwai 'yan rawaya masu taruwa a kan toho, irin waɗanda ake gani a jikin tumfafiya, da farare masu kama jiki a hammatar ganye, da wasu jajaye ƙanana ƙwarai da ke sa ganye ya yi ɗigo-ɗigo idan ƙura ta yi yawa. Daka 'ya'yan bedi cikin hannu biyu, jiƙa a lita ɗaya ya kwana, tace, ka sa ɗan sabulu, ka fesa da yamma har bayan ganye, ka maimaita bayan mako. Rufe saman ƙasar da leda kafin feshin don ruwan sabulun kada ya sauka ciki. Tsutsa kuwa da hannu ake tsince ta.

Idan ruɓa ta riga ta shiga, kada ka jira. Zare ta, ka yanke duk inda ya yi baƙi ko laushi har sai ka kai farin nama mai tsabta, kana goge wuƙar da wuta ko barasar likita tsakanin yanka da yanka. Shafa gawayi, rataye ta a inuwa mai iska kwana 7 zuwa 10, ka dasa a sabon busasshen rairayi da tsakuwa ba taki, ruwa sai bayan mako guda. Idan gindin ya tafi duka, duba rassan sama: duk wanda ka yanka ka ga cikinsa fari ne ba ɗigon baƙi, ka busar da shi ka dasa a matsayin sabon reshe, tsohuwar ƙasar kuma a zubar da ita nesa da sauran tukwane.